Fita waje yawon buɗe ido: yadda za ka je ka dawo ba tare da ka faɗa hannun hukuma ba

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke kwana a bayan kanta a Jidda, Dubai, Alƙahira ko Istanbul ba mugaye ba ne. Mutanen kirki ne da suka ɗauki halin gida suka tafi da shi inda ba a san shi ba. A wajenmu wanda ya ƙi riƙe wa maƙwabci saƙo ba shi da kara. Wanda ya ga abin mamaki a titi sai ya ciro waya ya ɗauka. Wanda ɗan sanda ya tare sai ya ce "Yallaɓai a yi haƙuri", ya laluba aljihu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cinye wa mutum watanni ko shekaru a wata ƙasa. Wannan jagora ta bi tafiyar daki-daki, tun daga ɗakinka har ranar dawowa, kuma ta fi karkata ga ƙasashen da muka fi zuwa hutu, ziyara, Umara ko sayayya: Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Masar da Turkiyya, tare da leƙa Turai da Asiya inda ya kamata.

Mataki na 1: Gyara takardunka tun da sauran lokaci

Buɗe fasfonka yau ka duba ranar da zai ƙare. Saudiyya, Daular Larabawa da Masar suna son ya kasance da sauran aƙalla wata 6 daga ranar shigarka, kuma kamfanin jirgi ma zai iya hana ka hawa tun daga nan gida. Ka tabbatar akwai shafukan da ba a buga wa hatimi ba.

Katin rigakafin shawara ka yi shi a ofishin lafiya na filin jirgi ko inda hukuma ta ware, a yi maka allurar da gaske. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka babu dalilin sayen na bogi a hannun ɗan kan hanya. Katin bogi takardar jabu ce, kuma haka za a kira ta a gaban alƙali. Mai zuwa Umara yana buƙatar rigakafin sanƙarau.

Ka yi kwafin fasfo, biza, tikiti da takardar masauki gida uku: ɗaya a jakar hannu, ɗaya a wajen wani amintacce a gida, ɗaya a imel ɗinka. Hoto a waya kaɗai bai isa ba, domin ɓarawon da ya ɗauke jakar da fasfo ke ciki, galibi da wayar yake haɗawa. Matar da za ta yi tafiya da yara ba tare da mahaifinsu ba ta riƙe takardun haihuwarsu da rubutacciyar amincewarsa. Sannan ka yi inshorar lafiya ta tafiya. Ƙasashen Shengen na Turai ba sa ba da biza sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, amma ko inda ba a tilasta ba, kwana biyu a asibitin kuɗi na Dubai sun isa su cinye guzurin mutum kaf, kuma bashin asibiti yana iya sa a hana shi fita ƙasar.

Mataki na 2: Karanta bizarka da idonka

Kada ka tsaya a kan "ejan ya ce". Ejan yana Kano ko Maraɗi yana shan shayinsa ranar da jami'in shige da fice zai tsare ka. Abu uku za ka nema a jikin bizar: wace iri ce, shiga nawa ta ba ka, kuma kwana nawa za ka zauna. Mutane suna rikita ranar ƙarewar biza da adadin kwanakin zama. Biza tana iya zama ta shekara guda, amma zaman da ta halatta maka a kowace shiga kwana 30 ne ko 90. A yankin Shengen kwana 90 ne cikin kowane 180, kuma ana lissafa duk ƙasashen yankin a haɗe. A Amurka jami'in da ya karɓe ka a filin jirgi shi ke yanke ranar fitarka. Wanda ya wuce ta da fiye da kwana 180 za a hana shi komawa shekara 3, wanda ya wuce da shekara guda kuma shekara 10. A Daular Larabawa tarar wuce wa'adi Dirhami 50 ce a kowace rana.

Bizar yawon buɗe ido ba ta aiki ba ce. Tsare wa ɗan'uwa shago na mako guda, yin kitso ko lalle a biya ki, talla a bakin masallaci, duk aiki ne a idon doka. Bara kuma laifi ce mai zaman kanta a Saudiyya da Daular Larabawa.

Sai maganar da ta fi taɓa mu: shiga da bizar Umara ko ta ziyara a ɓuya har lokacin Hajji. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10, wanda ya ɗauke shi a mota ko ya ba shi masauki kuma tararsa tana kaiwa Riyal 100,000. Tarar ma ita ce ƙaramar asara. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu cikin tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba su da motar da za ta ɗauke su. Duk wanda ya ce maka "akwai hanya", wannan ce hanyar da yake nufi.

Mataki na 3: Haɗa kayanka da hannunka, ka kuma koyi cewa a'a

Nan ne kunya ke kashe mutum. Da zarar an ji za ka tafi, saƙo zai fara shigowa: ƙullin yaji a kai wa 'yar wance a Makka, takalmi a kai wa ɗalibi a Alƙahira, kwalin da aka naɗe da salatif "ba nauyi, wani zai same ka a filin jirgi ya karɓa". Dokar kowace ƙasa ɗaya ce a nan: abin da ke cikin jakarka naka ne. "Ban san abin da ke ciki ba" ita ce maganar da kowane mai safarar ƙwaya ke faɗa, don haka jami'i ba ya jin ta ko daga bakin mai gaskiya.

Hukuncin kuma ba na wasa ba ne. Saudiyya tana kashe masu safarar ƙwaya, kuma a Afrilun 2019 ta zartar da hukuncin a kan wata 'yar Najeriya. Indonesiya ta harbe 'yan Najeriya a 2015 da 2016. A Singafo, fiye da giram 15 na hodar heroin ko giram 500 na wiwi sun isa a rataye mutum.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. Saƙon wanda ba ka sani ba, kada ka karɓa ko kusa. Na ɗan'uwa na jini, sai a kawo shi a buɗe, kwana biyu ko uku kafin tafiya, ka zazzage shi a gaban mai shi, ka sake ƙulla shi da kanka. Takalmi ka duba tafinsa. Jaka ka shafa bangonta da gindinta, kada ma ka karɓi jakar, ka juye kayan a taka. Gwangwani, sabulu, busasshen kifi, man shafawa da duk abin da ba za ka iya ganin cikinsa ba, ka mayar. Idan babba ne ya aiko kana jin nauyinsa, ka ce: "Baba, a gafarce ni, na yi alƙawarin ba zan ɗauki abin da ban buɗe ba, ko na Inna ne." Mai gaskiya zai ce buɗe mana. Wanda ya fusata don ka nemi buɗewa ya riga ya gaya maka abin da kake buƙatar sani.

Mataki na 4: Magani, goro, kilishi da laya

Maganin da ake saya a kemis ba takarda a unguwarku yana iya zama ƙwaya a can. Tramadol, kodin, diazepam da pregabalin duk suna cikin jerin magungunan da ake sa wa ido sosai a ƙasashen Larabawa. A 2017 wata kotu a Masar ta ɗaure wata Baturiyar Ingila shekara 3 saboda ƙwayar tramadol 290 da ta ce ta kawo wa saurayinta mai ciwon baya. Baturiya ke nan, da jaridun ƙasarta suna ta kururuwa a kanta.

Idan kana da larura, kamar sikila, farfaɗiya ko ciwon da ke sa likita ya rubuta maka irin waɗannan, ka karɓi wasiƙar likita da Turanci mai hatimin asibiti, ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, sunan maganin da yawan da kake sha. Ka bar maganin cikin kwalinsa na asali, ka ɗauki daidai na kwanakin tafiyarka. Daular Larabawa tana son a nemi izinin shiga da irin waɗannan magunguna ta shafin ma'aikatar lafiyarta na intanet kafin a taso. A can kuma ko a jini ko fitsari aka samu alamar ƙwaya, ana lissafa shi a matsayin laifi, ko da a gida aka sha kafin tahowa.

Maganin gargajiya da kayan mata matsalarsu daban ce. Gari ne a leda ba suna ba lamba. Jami'in kwastan ba zai ɗanɗana ba. Ɗakin gwaji zai tura, kuma mai kayan yana iya zama a tsare har sakamako ya fito. Abin da za ki iya haƙura da shi na mako biyu, ki bar shi a gida. Kuka, kuɓewa da daddawa, idan dole ne, a zuba su a leda mai haske, kaɗan, a rubuta abin da suke.

Goro: hukumar alhazai ta Najeriya tana gargaɗi kowace shekara cewa kada a shiga da shi Saudiyya, kuma duk da haka ana cusa shi cikin zannuwa. Ɓoyewar ma ita ke mayar da ƙaramin abu babba. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Tarayyar Turai, Ingila ko Amurka a jakar matafiyi daga ƙasashenmu, man shanu kuma ba ya shiga Tarayyar Turai ko Ingila. A Amurka akwai tambaya a kan abinci. Ka amsa gaskiya, iyakaci a karɓe a zubar, amma wanda ya ce babu aka gani, tara ce.

Laya, guru, kambu da rubutun da aka naɗe: a cire su a bar su a gida. Saudiyya tana hukunta abin da ta ɗauka sihiri ne, har ta taɓa kashe mutane a kansa, kuma kwastan na Daular Larabawa suna ƙwace irin waɗannan kaya su miƙa mai su ga 'yan sanda. Ba za ka samu damar yi wa askar, wato jami'in tsaron can, bayanin cewa ayoyi ne kakarka ta sa aka rubuta maka ba.

Abu biyu na zamani: jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ba a shiga da shi Masar ko Maroko ba izini, kuma sigarin lantarki haramun ne a Tailan, Singafo da Indiya.

Mataki na 5: A filin jirgi, idonka a kan lambar kaya

A Disambar 2018 aka kama wata ɗalibar wata jami'ar Kano a Saudiyya, ta je Umara da mahaifiyarta da 'yar'uwarta, saboda wata jaka mai ɗauke da tramadol da aka maƙala wa sunanta. Binciken NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin Malam Aminu Kano ne suka yi wa jakar rajista da sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu, kuma sai da gwamnati ta sa baki. A 2025 an sake samun irin wannan da wasu masu Umara da suka tashi daga filin jirgin guda. Don haka wannan mataki ba tsoratarwa ba ce.

Ka tsaya da kanka a wajen awon kaya. Kada ka ba wani fasfo da tikitinka ya je ya "taimaka" ya yi maka awo kana zaune. Kafin jakarka ta hau bel, ka ɗauki hotonta a kan sikeli, nauyin yana fitowa a hoton. Idan ma'aikacin ya maƙala doguwar takardar nan a hannun jakar, zai ba ka ƙananan sitika, galibi a bayan katin shiga jirgi ko a bangon fasfo. Ƙirga su. Jaka biyu, sitika biyu. Ka karanta sunanka, garin da za ka sauka da nauyin. Sannan ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, jaka nawa ke kan sunana a kwamfuta?" Ka ɗauki hoton sitikar ka tura wa wani a gida kafin jirgi ya tashi, domin lokacin da aka tura saƙon shi kansa shaida ne. Kada ka yar da su sai ka dawo.

Wanda ya zo ya ce kayansa sun yi yawa, naka kuma ba su cika kilo ba, ka ara masa ragowar, amsar a'a ce, ko da tsohuwa ce mai carbi, ko da zai biya. Haka wanda ya ce ka riƙe masa jaka ya shiga banɗaki. Idan kun sauka, ka gwada lambar jakar da sitikarka kafin ka ɗauka. Ka ga an farke ta ko an sauya kwaɗon, kada ka fita da ita; kira ma'aikacin jirgin a wurin.

Mataki na 6: Kuɗi

Ɗaukar kuɗi da yawa ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifi. Najeriya da Amurka da Masar suna son a bayyana abin da ya wuce Dala 10,000, Tarayyar Turai daga Yuro 10,000, Daular Larabawa abin da ya wuce Dirhami 60,000, kuma a wurare da yawa zinare yana cikin lissafin. Cika fom ne kawai, ka riƙe rasidin canji. Raba kuɗin a aljihun 'yan tawaga don kowa ya gaza ƙa'ida dabara ce da jami'ai suka sani sarai. Kuɗin wani da ba ka san tushensu ba kuma hukuncinsu ɗaya da saƙon da ba ka buɗe ba.

A can ka yi canji a shagon da ke da lasisi. Ka raba guzurinka gida biyu, kada ya kwana wuri ɗaya.

Mataki na 7: Ranar isa

Ka hau tasi daga layin hukuma na filin jirgi ko ta manhaja irin su Uber da Careem, ka ƙyale masu tare mutane a bakin ƙofa. A masauki ka ɗauki katin otal mai adireshi da harshen ƙasar, ka sa a aljihun kowane yaro da kowane tsoho da ke tare da kai. Ka adana waɗannan lambobi: Daular Larabawa 999 'yan sanda, 998 motar asibiti, Saudiyya 911 a yankunan Makka, Madina da Riyad, Masar 122 'yan sanda, 126 'yan sandan masu yawon buɗe ido, 123 motar asibiti, Turkiyya da Tarayyar Turai 112. Ka nemi lambar ofishin jakadancin ƙasarka. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad, Abu Dhabi, Alƙahira da Ankara, da ƙaramin ofishi a Jidda da Dubai. Ka rubuta lambar mutum biyu na gida a takarda, domin wanda aka tsare wayarsa ake fara karɓa.

Mataki na 8: Wayarka da bakinka

Bayan jaka, waya ce babbar hanyar shiga uku. A Daular Larabawa dokar laifukan intanet ta 2021 ta sa ɗaurin aƙalla wata 6, ko tarar Dirhami 150,000 zuwa 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar ɗaukar hotonsa ko yaɗa shi ba izini. Zagi ta WhatsApp ko Facebook tararsa tana farawa daga Dirhami 250,000. Ɗaukar hoton hatsarin mota a watsa shi ma laifi ne. Masu ɗaukar bidiyo suna yawo a kasuwa don TikTok su kula: matar da ta gifta a bayanka tana da ikon kai ƙara. Ka juya kyamarar ga gini ko ga fuskarka, idan mutum kake so ka nemi izini.

Barikin soja, ofishin 'yan sanda, fadar sarki, shingen bincike, ofisoshin jakadanci da sashen jami'an shige da fice, kada ka ɗauke su a kowace ƙasa. A Masar ana tsananta wannan ƙwarai, har da gadoji da mashigin Suwez.

Siyasar ƙasar mutane ba taka ba ce. A Turkiyya cin mutuncin Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar ƙasar, laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1951, zagin shugaban ƙasa ma laifi ne. A Tailan sukar sarki tana jawo ɗaurin shekara 3 zuwa 15. A Saudiyya an ɗaure mutane shekaru masu yawa kan abin da suka rubuta a intanet, kuma a cikin Harami ba a ɗaga tuta, hoton ɗan takara ko kwalin da aka rubuta saƙo, ba a rera taken wata ƙungiya, ba a tara mutane a yi musu wa'azi. Na san zuciya tana tafasa idan mutum ya tuna halin da Musulmi ke ciki a wasu wurare. Addu'a a gaban Ka'aba babu mai hana ka ita. Kwali da kirari ne za su sa a fitar da kai. Muhawarar aƙida da baƙo a masallaci ma a bar ta. Tara taimako a rukunin WhatsApp ba tare da lasisi ba laifi ne a Daular Larabawa, ko don marayu ne.

Idan rai ya ɓaci da direba ko mai shago, riƙe hannunka da harshenka. Ashar, daƙƙuwa, nuni da yatsa, tofa yawu ko cakumar kwala, abubuwan da a gida dattawa za su raba a watse, a Dubai suna kai mutum kotu har a kore shi daga ƙasar. Ka nemi manaja, ko ka kira 'yan sanda da kanka.

Mataki na 9: A titi da kasuwa

Ka tsallaka titi inda aka zana. A Dubai tsallakawa barkatai Dirhami 400 ce. A jirgin ƙasa na birnin ba a ci ba a sha, kuma namiji ba ya shiga taragon mata. Idan ka yi hayar mota ka yi karo, kada ka gudu kuma kada ku sasanta a baki. A nemi rahoton 'yan sanda, don ba shi inshora ba za ta biya ba. Kada ka taɓa miƙa wa jami'i na goro. Tara kaɗan ce za ta koma tuhumar ba da cin hanci.

A Harami, ka ga waya, jaka ko kuɗi a ƙasa, kada ka ɗauka. Nuna wa askar da hannu ka wuce. Shari'a ma ta hana ɗaukar tsintuwar Makka sai ga mai cigiya, kuma kyamara hannunka kawai take gani, ba ta ganin niyyarka. Shiga Rauda a Madina sai da izini ta manhajar Nusuk. Kada ka biya wani ya shigar da kai ta bayan fage.

'Yan damfara salonsu kusan ɗaya ne ko'ina: su suke fara zuwa wajenka. A Istanbul mai goge takalmi zai yar da burushinsa a gabanka, ka tsinta masa, ya nace sai ya goge maka don godiya, sannan ya yanka kuɗi. Wani zai ja ka da hira, "ɗan'uwa Musulmi", ya kai ka wani wurin shaƙatawa inda za a kawo muku lissafin da ya fi kuɗin otal ɗinka. A dalar Giza mai raƙumi zai ce hawa kyauta, sauka kuma sai ka biya. Ku yanke farashin zuwa da dawowa, da kuɗin Masar, kafin ka ɗora ƙafa. Mai kayan gida da ya ce shi ɗan sanda ne yana son duba walat ɗinka, ka nemi katin shaidarsa ka ce ku tafi ofis tare. A Turkiyya da Masar kada ka tsinci dutse ko tsohon kwabo a wurin tarihi, kada kuma ka saya; an sha tsare masu yawon buɗe ido a filin jirgi kan ɗan dutse a jaka.

'Yar'uwa mai niƙabi ta sani cewa Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, da tarar da ta kai Yuro 150, kuma Beljiyam, Ostiriya, Denmak da Suwizalan suna da irin wannan doka. Hijabin da ya bar fuska a buɗe ba a hana shi a titi ba. Iyaye kuma su riƙe hannunsu: Suwidin ta haramta dukan yara tun 1979, ƙasashen Turai da yawa sun bi ta, kuma mari ɗaya a cikin kanti ya isa wani ya kira hukuma a raba ka da ɗanka kafin a gama bincike.

Mataki na 10: Idan fasfo ya ɓace

Ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, ka karɓi rahoto a rubuce. Ka kai shi ofishin jakadanci tare da kwafin fasfonka da hotuna, su ba ka takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta mayar da kai gida. A ƙasashen Larabawa sai ka kuma bi ta ofishin shige da fice a daidaita fitarka, don haka ka fara da wuri kada bizar ta ƙare kana kan layi.

Mataki na 11: Idan an kama ka

Kada ka gudu, kada ka fizge, kada ka ɗaga murya. Faɗi sunanka da ƙasarka, ka tambayi dalilin kamun cikin ladabi. Sannan ka nemi abu uku, ka yi ta maimaita su: tafinta, lauya, da a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. Na ukun haƙƙinka ne a ƙarƙashin sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci, amma sau da yawa sai ka nema da bakinka za a yi.

Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka iya karantawa. A Saudiyya, Masar da Daular Larabawa da Larabci ake rubuta bayanin wanda ake tuhuma. Za a iya ce maka "sa hannu ka tafi gida", alhali takardar amsa laifi ce, kuma janye ta a kotu abu ne mai wuyar gaske. Larabcin Islamiyya ko na kasuwa bai isa a karanta takardar shari'a ba. Ka ce sai an fassara maka. Kada ka ƙirƙiri labari don ka kare wanda ya ba ka saƙo. Faɗi sunansa, lambarsa da inda ya ba ka, ka nuna sitikar kayanka da hotunan da ka tura gida.

Ka san iyakar abin da ofishin jakadanci zai iya. Zai ziyarce ka, ya sanar da iyalinka, ya nuna maka lauyoyi, ya sa ido kan yadda ake riƙe ka. Ba zai fitar da kai daga kurkuku ba, ba zai biya maka tara ba, ba zai umarci alƙali ba.

'Yan'uwa a gida su ma suna da aiki. Su rubuta takarda ga ma'aikatar harkokin waje, da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje wato NiDCOM, da hukumar alhazai idan Umara ce, da NDLEA idan maganar ƙwaya ce, su haɗa da kwafin tikiti da sitikar kaya. Su nemi a adana bidiyon kyamarorin filin jirgi na ranar tafiyar tun ba a goge ba. Su yi hattara da masu zuwa su ce sun san wani babba a can, a kawo kuɗi. Kafin su watsa maganar a intanet su tambayi lauya, domin zagin hukumar ƙasar da ke riƙe da ɗansu yana iya ƙara masa nauyi.

Mataki na 12: Dawowa

Kwana biyu kafin tashi ka biya duk abin da ake bin ka: otal, hayar mota, tarar hanya. A Daular Larabawa da Saudiyya ƙarar da wani ya shigar ko bashin da ya kai kotu yana iya sa a hana ka fita, kuma galibi a gaban jami'in filin jirgi mutum ke fara ji. Idan ka yi rigima da wani har ta kai ga 'yan sanda, ka tabbatar an rufe maganar a rubuce. Zinaren da ka saya a kasuwar Deira ko a Makka ka riƙe rasidinsa, ka bayyana shi idan ya kai ƙa'ida. Zamzam ba a cusa shi cikin akwati. Galan mai lita 5 da aka rufe a hukumance ake ɗauka, idan kamfanin jirginka ya yarda.

Saƙo kuma zai sake tasowa daga can, daga 'yan'uwa mazauna da 'yan Kano-Jidda masu neman wanda kayansa ba su cika kilo ba. Ka buɗe na wanda ka sani a gabansa, ka mayar da na wanda ba ka sani ba, ka tsaya a kan sikeli da kanka, ka ƙirga sitikarka kafin ka bar wurin awo.